Fassarar rahoton matsalolin allurar barci daga Faransanci zuwa Ingilishi

Wani mai sana'ar fassara ya aiko da tambaya cewa an kawo masa rahoton tiyata daga wani asibiti a Jamhuriyar Nijar, rubuce da Faransanci, ana so ya mayar da shi Ingilishi saboda likitocin Kano da za su sake yi wa mara lafiyar aiki. A ciki akwai layin da ya tsaya masa a rai: "Inhalation à l'induction, désaturation, TA 8/5, curarisation résiduelle en SSPI, transfert en réanimation." Ya ce Faransanci ba baƙonsa ba ne, kuma kusan kowace kalma tana da 'yar'uwa mai kama da ita a Ingilishi, amma duk da haka hankalinsa bai kwanta ba.

Malam, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, domin a wannan ɗan layin akwai wurare huɗu da fassarar kalma da kalma za ta ba da labarin da ba shi ne ya faru ba. Kafin mu shiga cikinsu, ka fara sanin wanda zai karanta aikinka. Likitan sa barci ne, wanda zai zauna da takardar kwana ɗaya ko 'yan sa'o'i kafin tiyata, yana neman amsar tambaya guda: me ya sami wannan mutum a lokacin da aka sa shi barci a baya? Daga amsar da ya samu zai zaɓi maganin da zai ba shi da wanda zai guje wa, da yadda zai zura bututun numfashi, da ko zai nemi a tanadi gado a sashen kulawa ta musamman tun kafin a fara. Saboda haka abin da za ka fassara shi ne abin da ya auku a ɗakin tiyata, kuma sai ka fahimci abin tukuna za ka iya nemo sunan da likitan da ya yi karatu da Ingilishi yake kiransa da shi.

Kalmar farko ita ce mafi haɗari. Idan aka sa mutum barci, tsaron da Allah ya yi wa maƙogwaro yana kwantawa, ba tari ba haɗiya, don haka abin da ke cikin tumbi yana iya tasowa ya gangara hanyar iska ya shiga huhu. Wannan ne Faransawa suke kira "inhalation", masu Ingilishi kuma suna kiransa "aspiration". Wahalar ita ce kowace kalmar tana nan a ɗaya harshen, amma da wata ma'ana dabam. In ka rubuta "inhalation at induction", likitan Kano zai ɗauka cewa an fara sa mara lafiyar barci ne da iskar da ake shaƙa ta abin rufe hanci da baki, kamar yadda ake yi wa yara kullum, kuma zai wuce ba tare da ya san cewa ruwan ciki ya taɓa shiga huhun mutumin ba. Haka nan idan rahoton Faransanci ya ce "aspiration trachéale", yana nufin an zura siririn bututu an zuƙe ruwa daga maƙogwaro, wato "tracheal suction", aikin jinya ne ba matsala ba. Mai fassarar da ya bar kalmar yadda take ya ƙirƙiro wa mara lafiya matsalar da ba ta same shi ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma ban san wurin da maganar ta fi zama daidai ba kamar tsakanin waɗannan kalmomi biyu.

Idan huhun ya kumbura sakamakon ruwan ciki mai tsami, za ka ga an rubuta "syndrome de Mendelson". Sunan wani likitan haihuwa ne na Amurka, Curtis Mendelson, wanda a 1946 ya bayyana mata 66 da abin ya sama cikin haihuwa 44,016 a wani asibitin birnin New York. Masu Faransanci sun riƙe sunan fiye da masu Ingilishi, waɗanda yanzu suka fi cewa "aspiration pneumonitis", don haka na fi son a rubuta wannan sannan a ambaci sunan Mendelson a gefensa. Sai dai ka yi hattara da "pneumopathie d'inhalation", domin "pneumopathie" kalma ce mai faɗi. Ingilishi yana bambanta "pneumonitis", wato ƙunar da sinadarin ciki ya yi wa huhu cikin sa'o'in farko, da "pneumonia", wato kamuwa da ƙwayoyin cuta da kan biyo baya. Sauran rahoton ne zai nuna maka wanne ake nufi: yaushe abin ya fara, an sami ƙwayar cuta a gwaji ko ba a samu ba. In bai nuna ba, ka sanar da mai karatu cewa kalmar asali tana ɗaukar ma'anonin biyu.

Ta biyu ita ce "réanimation". A asibitocin da ke aiki da Faransanci wannan sunan sashe ne, sashen da ake kwantar da wanda wata gaɓa tasa ta gaza har ana taimaka masa da na'ura, wato "intensive care unit". Wanda ya fassara "transfert en réanimation" da "resuscitation" ya sa mai karatu ya zaci zuciyar mara lafiyar ta tsaya an danna ƙirji an dawo da shi. Wannan ma'anar tana zuwa ne kawai idan an ce "réanimation cardio-pulmonaire", ko aka ga haruffan ACR, masu nufin tsayawar zuciya da numfashi. Akwai kuma wani abin lura a tsarin Faransa: "soins intensifs", duk da kamarsa da Ingilishi, mataki ne da ke ƙasa da "réanimation", sannan "surveillance continue" ya fi kusa da abin da Ingila take kira "high dependency unit". Bambancin yana da amfani, domin daga sunan ɗakin da aka kai mutum likita yake auna tsananin abin da ya same shi.

Ta uku, "curarisation", tana bukatar ɗan bayani. A yawancin manyan ayyuka, bayan maganin barci ana ba da wani maganin da ke sassauta tsokokin jiki gaba ɗaya har da na numfashi, na'ura ta karɓi aikin huhu. Asalin waɗannan magunguna dafin kibiya ne na mutanen Kudancin Amurka mai suna kurare, wanda Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da shi a tiyata a birnin Montreal na Kanada a 1942. Faransanci ya riƙe tsohon sunan ga dangin magungunan duka, yana cewa "les curares", amma Ingilishi ya bar shi, ya koma "neuromuscular blocking agents" ko "muscle relaxants". Saboda haka "curarisation résiduelle" shi ne "residual neuromuscular blockade", wato an gama aiki an farkar da mutum alhali ragowar maganin bai saki tsokokinsa ba, numfashinsa ba ƙarfi, haɗiya tana yi masa wuya. "Décurarisation" kuma shi ne "reversal", ba da maganin warwarewa irin su neostigmine ko sugammadex. Idan ka ga Td4 da wata lamba, gwajin "train de quatre" ne, na auna ƙarfin tsoka, wanda Ingilishi ke kira "train-of-four" ko TOF, kuma ana ɗaukar tsoka ta dawo ne idan sakamakon ya kai 0.9.

A nan akwai wani rarrabewa da nake so ka riƙe da kyau. "Curarisation résiduelle" abu ne da kan sami kowa idan an cire bututu da wuri ko an yi ƙarin magani daf da ƙarshen aiki. Amma in rahoton ya ce "curarisation prolongée après Célocurine", ko ya ambaci "déficit en butyrylcholinestérase", to magana ta sauya. Célocurine sunan kasuwa ne a Faransa na maganin da Ingila da Najeriya suke kira suxamethonium, Amurka kuma succinylcholine. Aikinsa 'yan mintuna ne, amma akwai mutanen da jininsu ba shi da isasshen sinadarin da ke narkar da shi, sai su yi sa'o'i ba sa iya numfashi da kansu. Likitocin Ingila suna kiran wannan "suxamethonium apnoea". Yawanci gadonsa ake yi, don haka labarin ya shafi 'ya'ya da 'yan'uwan mara lafiyar ma. Wannan ne ya sa nake ganin wajibi ne a mayar da kowane sunan kasuwa zuwa sunan magani na asali: Diprivan shi ne propofol, Nesdonal shi ne thiopental, Esmeron rocuronium, Tracrium atracurium, Nimbex cisatracurium, Prostigmine kuma neostigmine.

Ta huɗu ba kalma ba ce, lamba ce. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci sun saba faɗin awon jini da santimita, masu Ingilishi kuma da milimita. "TA 12/8" shi ne 120/80, don haka 8/5 na cikin rahotonka 80/50 ne, jini ya faɗi ƙwarai amma ba adadin da zai sa a yi zaton kuskuren rubutu ba. Dole ka sauya shi ka rubuta "mmHg" a gabansa. Haka waƙafi yake: "0,5 mg" rabin miligiram ne, kuma a Ingilishi da ɗigo ake rubuta shi, yayin da "1.000" a rubutun Faransanci yana iya zama dubu, a Ingilishi kuwa ɗaya ne. A takardun da aka cike da hannu za ka ci karo da kalmar "gamma" ko alamarta ta Girkanci, wadda ma'aikata suke amfani da ita a madadin maikurogiram. Ka rubuta "micrograms" a cike, domin tsakaninsa da miligiram ninki dubu ne. Sukarin jini ma sau da yawa da giram a lita ake ba da shi, kuma 1 g/L ya yi daidai da 100 mg/dL, ko kimanin 5.5 mmol/L.

Da wannan, layin naka zai fito kamar haka: "Pulmonary aspiration at induction, oxygen desaturation, BP 80/50 mmHg, residual neuromuscular blockade in the recovery room, transferred to the intensive care unit." SSPI taƙaicen "salle de surveillance post-interventionnelle" ne, ɗakin farfaɗowa, sunan da ya samo asali daga dokar Faransa ta 5 ga Disamba 1994 wadda ta wajabta ganin likitan sa barci kafin aiki da kuma sa ido a kan mara lafiya bayansa. Wasu suna cewa "salle de réveil", Amurka kuma PACU. Ka lura ban ƙara "of gastric contents" ba, ko da yake shi ne ya fi yiwuwa, saboda layin bai faɗa ba, kuma jini ma yana shiga huhu. Sai in wani wuri a rahoton ya fayyace za ka ƙara.

Tun da sauran rahoton yana hannunka, bari in ja hankalinka ga abin da nake ganin ya fi dukkan kalmomin fasaha muhimmanci, wato kalmomin da ke nuna ƙarfin tabbacin likitan da ya rubuta. "Suspicion de", "probable", "à confirmer", "non exclu", kowannensu yana da nauyinsa, kuma haƙƙin mai fassara ne ya isar da nauyin nan ba ragi ba ƙari. "Éventuel" yana nufin mai yiwuwa, wato "possible", ba "eventual" ba. Dalilin da ya sa na damu da wannan shi ne akwai matsaloli biyu da, in an lika wa mutum su a takarda, za su bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ta ɗaya ita ce "hyperthermie maligne", a Ingilishi "malignant hyperthermia", a tsofaffin littattafan Ingila kuma "malignant hyperpyrexia". Cuta ce ta gado da ke cikin tsoka, wadda Michael Denborough ya fara bayyanawa a 1960 a wani dangi na Ostareliya da mutum goma daga cikinsu suka rasu sanadiyyar allurar barci. Iskokin barci irin su halothane da isoflurane da sevoflurane, waɗanda Faransanci ke tarawa a kalmar "halogénés" Ingilishi kuma "volatile agents", su da suxamethonium ne suke tayar da ita: tsoka ta sandare, zuciya ta yi gudu, iskar carbon dioxide da jiki ke fitarwa ta hau, zafin jiki ya biyo baya. Maganinta dantrolene, ana farawa da 2.5 mg a kowane kilo. Abin da ya kamata ka sani shi ne ma'aikatan lafiya masu Faransanci suna yawan rubuta "hyperthermie à 39°" suna nufin zazzabi kawai, kuma a ƙasashenmu, inda zazzabin cizon sauro yake ko'ina, zafin jiki bayan tiyata ba abin mamaki ba ne. In babu kalmar "maligne", kada ka kawo ta. In kuma tana nan tare da "suspicion", ka kawo su biyun, domin rabin maganar kowanne aka ɗauka zai cutar.

Ta biyu ita ce mummunan borin jini da ke faɗar da awon jini ya toshe numfashi, "choc anaphylactique". Rahoton Faransanci yakan ce "grade III", bisa matakai huɗu na Ring da Messmer na 1977, kuma yana da kyau ka ambaci sunan ma'aunin don kada a haɗa shi da wani. Ka kuma kula da jerin magungunan da aka bayar kafin abin ya faru, da lokacin kowanne, domin likitoci sukan karkata ga abin da aka fi gani a inda suka yi karatu: a Faransa magungunan sassauta tsoka ne kan gaba wajen jawo shi, amma babban binciken Birtaniya na 2018 da ake kira NAP6 ya sami cewa a can magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne suka fi. Idan an rubuta "allergie aux curares" ba tare da sakamakon gwajin fata ko gwajin jini na tryptase ba, ka fassara shi yadda yake, kada ka ƙara masa "confirmed".

Abubuwan da suka shafi bututun numfashi sun fi sauƙi, in ban da ɗaya. "Intubation difficile" da "laryngospasme" da "bronchospasme" suna wucewa kai tsaye, matakan Mallampati da na Cormack da Lehane, na auna wahalar zura bututun, kuma iri ɗaya ne a harsunan biyu. "Bris dentaire" karyewar haƙori ne, "dental damage". "Mandrin d'Eschmann" shi ne "bougie", siririn sandan da ke yi wa bututun jagora, "ballonnet" shi ne "cuff", ƙaramin balan-balan ɗin da ke jikin bututun, "sonde" kuma yana iya zama bututun numfashi, ko na fitsari, ko na hanci zuwa ciki, sai kalmar da ke bin sa ta nuna. Wanda ke ruɗarwa shi ne "intubation sélective". Idan yana cikin jerin matsaloli, yana nufin bututun ya zarce ya shiga reshen huhu ɗaya, yawanci na dama, ɗayan ya rasa iska, wato "endobronchial intubation". A tiyatar ƙirji kuwa da gangan ake yin haka domin a kwantar da huhu ɗaya, sai a ce "one-lung ventilation".

Akwai matsalar da marasa lafiya suka fi tsoro, wato mutum ya dawo hayyacinsa ana tsakiyar aiki alhali ba ya iya motsi, daga baya ya tuna abin da ya ji. Faransanci yana cewa "mémorisation peropératoire", Ingilishi kuma "accidental awareness during general anaesthesia". Binciken NAP5 na 2014 a Birtaniya da Ireland ya sami rahoton haka kusan sau 1 cikin 19,000, amma a tiyatar cire jariri da aka yi da cikakken barci ya kai kusan 1 cikin 670. Wanda ya rubuta "memorisation" bai ce komai ba ga likitan Kano. A nan ma ka bambanta "peropératoire", wato ana cikin aiki, "intraoperative", da "périopératoire" wanda ya haɗa kafin aiki da lokacinsa da bayansa; harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma a rubutun hannu yana ɓacewa. Ruɗewar da kan sami tsofaffi bayan tiyata "syndrome confusionnel" ce, ita ce "delirium" a Ingilishi, yayin da "délire" na Faransanci ya fi karkata ga "delusion" na masu taɓin hankali. "Retard de réveil" jinkirin farkawa ne, "delayed emergence". NVPO kuma tashin zuciya da amai bayan aiki, PONV a Ingilishi.

Taƙaitattun haruffa galibi juyewa suke yi: SDRA, mummunar gazawar huhu, ya zama ARDS, CIVD, rikicewar daskarewar jini, ya zama DIC, EP, gudan jini a jijiyar huhu, ya zama PE, OAP kuma ruwa ne a huhu, "acute pulmonary oedema". Wanda ba a yarda a yi masa hasashe ba shi ne IRA, domin yana tsayawa ga gazawar ƙoda, "insuffisance rénale aiguë", yana kuma tsayawa ga gazawar numfashi, "insuffisance respiratoire aiguë". Duba abin da ke kusa da shi: in ana maganar fitsari da créatinine ƙoda ce, in ana maganar oksijin da na'urar numfashi huhu ne. A mara lafiya irin naka, wanda jininsa ya faɗi kuma abu ya shiga huhunsa, duka biyun suna iya faruwa, don haka in ba ka samu hujja a takardar ba sai a tuntuɓi asibitin da ya rubuta. Sunayen jijiyoyin da kan danne saboda kwanciya a teburin tiyata ma na tsohon tsari ne a rahotanni da yawa: "nerf cubital" shi ne "ulnar nerve", "sciatique poplité externe" shi ne "common peroneal nerve", "crural" kuma "femoral".

Idan akwai yiwuwar takardar ta je gaban kamfanin inshora ko kotu, kalmomin ɗora alhaki suna bukatar taka-tsantsan na daban. "Survenu au décours de l'anesthésie" lokaci kawai yake nunawa, "lié à" yana nuna alaƙa, "imputable à" kuma yana jingina sanadi. Binciken da André Lienhart da abokan aikinsa suka yi kan mace-macen 1999 a Faransa ya raba waɗanda allurar barci ce sanadinsu gaba ɗaya, 0.69 cikin 100,000, da waɗanda ta ba da gudummawa kawai, 4.7 cikin 100,000, kuma wannan tazara tana nuna yawan abin da ake ɓatawa idan aka tattara duka a "caused by". "Aléa thérapeutique" kuwa magana ce ta shari'ar Faransa, mai nufin cutarwar da ta auku ba da laifin kowa ba, wadda dokar 4 ga Maris 2002 ta tsara biyan diyyarta. Ba ta da takwara guda a Ingilishi, don haka a bar ta da Faransanci a bi ta da gajeren bayani.

Game da wane Ingilishi za ka bi, na Ingila ne ya dace da Najeriya, a rubutu da sunayen magunguna: "anaesthesia", "adrenaline", "pethidine", "paracetamol". "Médecin anesthésiste-réanimateur" likita ne, "anaesthetist" a Ingila da Najeriya, amma a Amurka "anesthesiologist" ake ce masa, domin a can "anesthetist" ya fi nufin ma'aikacin jinya. IADE, wato ma'aikacin jinya mai shaidar sa barci, da "technicien supérieur en anesthésie-réanimation" ba likitoci ba ne, ƙwararrun ma'aikata ne da ke riƙe da babban kaso na wannan aiki a asibitocin Afirka ta Yamma, kuma ya kamata muƙaminsu ya fito yadda yake.

Wajen tabbatar da kalma, ƙamus na gama-gari ba zai wadatar ba. Jerin kalmomin likitanci na MeSH da hukumar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, ta fassara zuwa Faransanci, da shafin HeTOP na asibitin jami'ar Rouen, suna ba da kalmar a harsunan biyu. Idan rahoton yana ɗauke da lambobin CIM-10, wanda shi ne ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, to ka samu sauƙi, domin lambar ba ta sauyawa da harshe: T88.3 ita ce "malignant hyperthermia", T88.4 wahalar zura bututun numfashi ko gazawarsa, J95.4 kuma ciwon Mendelson. Inda rubutun hannu bai karantu ba, ka rubuta a fili cewa bai karantu ba maimakon ka cike gurbin da zato. In da hali, ka ba wani likitan sa barci ko ma'aikacin ɗakin tiyata ya duba kafin ka miƙa. Sannan ka haɗa kwafin asalin Faransancin da fassarar, musamman "feuille d'anesthésie", takardar da ake cikewa ana tsakiyar aiki, domin jadawalin awon jini da bugun zuciya da lokutan ba da magani da ke cikinta likitan Kano zai iya karanta shi da kansa ko da bai san Faransanci ba.